Shamuwa da Itatuwan da Muke Sarewa

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi tun da can, idan ya ratsa su yau, ba zai rasa lura da cewa da yawa daga manyan tsamiyoyi da gawo waɗanda shamuwa ke sheƙa a kansu a kowace damina sun koma kututture ba, an sare su an ƙona gawayi an loda wa mota, alhali kuwa mai saran bai taɓa dasa ko da tsiro guda ba. Wannan gafala ce, kuma ta kai a yi magana.

Iyayenmu ba sa taɓa shamuwa, domin zuwanta bushara ce ta ruwa. Masu binciken halittu sun ƙara mana hujja a kan abin da muka gada. Wasu masana daga Danmak sun ɗaura wa shamuwa na'ura a Jamhuriyar Nijar suna bin ta da tauraron ɗan'adam, suka bayyana sakamakon a 2006, inda aka ga cewa idan kaka ta yi takan ƙetare dazuzzuka da koguna har Tanzaniya, sa'an nan ta juyo ƙasarmu ta yi ƙwai. Sun kuma tabbatar cewa fara ce mafi yawan abincinta, wato tana yi wa manomin gero hidimar da ba ya biya.

To, tsuntsuwar da ta yi tafiyar dubban kilomita, ta iso ta tarar da itacenta ya zama buhun gawayi, ina za ta sauka? Sai ta raɓa a ƙaramin reshe, inda yaro da danƙo zai same ta cikin sauƙi, uban yaron kuwa yana zaune a inuwa yana kallo, har ma yana yaba masa iya saiti! Ga shi ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbansa su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke, kuma malamanmu sun san wannan sarai.

Saboda haka wajibi ne dagatai da masu unguwanni su san kowane itacen da ake sheƙa a kansa a ƙasarsu, su hana gatari kusantarsa, rani da damina. Wanda larura ta tilasta masa neman makamashi ya sassabe busassun rassa, ya bar gindin. Mai feshin maganin ƙwari ya nisanci inda tsuntsaye ke kiwo. Wanda kuma ya ga zobe ko na'ura a jikin tsuntsu, ya sani ba asiri ba ne, alamar masu bincike ce, ya ƙyale shi ya wuce. Iyaye, don Allah ku karɓe danƙon nan kafin ruwan farko ya sauka.