Likita Mila: Saurayin da Sarkin Kano ya kora, ya ƙare rayuwarsa a Arewa

A shekarar 1900, shekara uku kafin sojojin Lugga su ci Kano, wasu 'yan mishan Turawa sun shiga birnin bayan doguwar tafiya daga Legas. Jagoransu shi ne Bishop Tugwell na ƙungiyar CMS, ta cocin Anglika. Sun nemi Sarki Aliyu Babba ya ba su izinin zama, su buɗe makaranta da wurin shan magani. Sarki bai ɓata lokaci ba, ya ce su tattara nasu-ya-nasu su bar masa gari.

A cikinsu akwai wani likita ɗan shekara 28 mai suna Walter Miller. Shi ne wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan. Maimakon ya zauna ya ci gajiyar karatunsa a gida, sai ya nufi Tarabulus ta ƙasar Libiya don koyon Hausa. A wancan zamani birnin matattara ce ta fatake da maniyyata da suka ratso Sahara, don haka ana jin Hausa a can ba sai an zo ƙasar Hausa ba.

A Tarabulus ya gamu da wani yaro Bahaushe, Abdul Majid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyarsu ta zuwa Makka. Mila ya riƙe shi, shi kuma yaron ya zama malaminsa na Hausa. Daga baya Abdul Majid ya koma Kirista, ya kuma taya shi aikin fassara. Abin da za a yi ta gani ke nan a rayuwar likitan: yana taimakon mai buƙata da gaske, yana kuma fatan wanda ya taimaka ya bi addininsa. Bai taɓa ɓoye wannan fata ba.

Bayan korar Kano, tawagar ta ja da baya zuwa Girku, kudu da Zariya. Nan ciwo ya kwantar da su. Ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu. Sauran suka watse, Mila ma ya koma Ingila da rashin lafiya. Wani da ya ɗanɗana wannan ba zai sake waiwayo ba, amma shi ya dawo, kuma a 1905 ya kafa gida a cikin ganuwar birnin Zariya, a Durumin Maigarke.

Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. A lokacin babu asibitin da talakan birni zai je, sai wanzami da mai maganin gargajiya. Masu gyambo, masu ciwon ido da masu zazzaɓi suka riƙa zuwa. Mafi yawansu sun karɓi magani sun yi godiya, sun koma gida da addininsu. Iyaye da dama kuma sun ƙi kai 'ya'yansu makarantar, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, domin sun san abin da ake koyarwa a ciki tare da boko.

Labarin Gimi

Abin da ya fi taɓa rayuwar Mila ya faro ne a 1913, lokacin da wasu samari suka zo wurinsa daga cikin mutanen da ake kira Isawa. Waɗannan mabiyan wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda ya ba Annabi Isa (AS) wani matsayi na musamman a wa'azinsa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19. Almajiransa suka warwatsu, wasu suka yi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan Zazzau da Kano.

Ga ɗan mishan da ya yi shekaru yana wa'azi ba mai amsawa sai ɗaiɗaiku, wannan tamkar faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Wasu daga cikin Isawa suka karɓi Kiristanci, aka tattara su a wani sabon matsuguni a Gimi, cikin ƙasar Zazzau. Aka yi gonaki, aka gina coci da makaranta. Wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W.A. Thompson, shi ya zauna tare da su.

Sai dai wurin yana da ƙudan tsando, mai yaɗa ciwon barci. Cutar kan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, daga nan ta hau ƙwaƙwalwa, mutum ya yi ta gyangyaɗi da rana, ya rame, har rai ya yi halinsa. Magungunan da ake da su a lokacin masu guba ne, kuma ba su cika warkar da wanda cutar ta yi nisa a jikinsa ba. Cikin 'yan shekaru mutanen Gimi suka yi ta mutuwa, har garin ya tashi.

A nan ne labarin ya fi nauyi. Mutanen da suka bar ƙauyukansu saboda sun amince da likita da addininsa, an zaunar da su a inda cuta ta cinye su, kuma ilimin likitan bai iya tsayar da ita ba. Abin da ya rage masa shi ne jinya, da binne matattu, da kwashe marayu zuwa makarantarsa ta Zariya. Sai a shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki yaƙi da ciwon barci da muhimmanci a yankin, har aka gina sabon gari kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya.

Mila ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da kafiya da kaifin harshe. Ya yi ta sa-in-sa da jami'an mulkin mallaka, waɗanda ba sa son 'yan mishan su tayar musu da ƙura a masarautun Musulmi. Ya kuma yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe wajen 1920 suka kai shi Lakwaja. Har yau akwai Zazzagawan da ba su yafe wa likitan hannun da yake da shi a wannan al'amari ba.

A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin birni zuwa Wusasa, inda cocin St Bartholomew, ginin ƙasa irin na Hausa, da asibitin St Luke suke har yanzu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya kasance jigo a cikinsa.

Yawan waɗanda suka bi addininsa a birnin Zariya bai taka kara ya karya ba. Amma 'yar al'ummar da ta taso daga makarantarsa ta ba Arewa mutanen da ba a manta da su ba. Akwai Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wanda aka sa wa asibitin koyarwa na Kaduna sunansa. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga zuriyar Isawa ya fito. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin coci.

Mila ya ƙare rayuwarsa a Arewa. Ya mutu a 1952 a yankin Jos, yana da shekara 80.