Ruwa da Baƙin Mai: Abin da Allurar Mota Ba Ta Faɗi

A karkarar Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas wadda aka cire daga Magariya a 2011, hanyoyi na rairayi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. A nan motar ɗaukar kaya takan sha wuya irin wadda motocin tsere suke sha, domin injinta yana aiki da ƙarfi, tafiya kuwa kaɗan ce.

Abubuwa biyu ne ke kwashe zafin inji: ruwa da baƙin mai. Ruwa yana zagaya inji, ya koma lagireto iska ta hura shi. Akwai wani ɗan makulli da ke buɗe masa hanya da kansa, shi ne ke tsayar da zafinsa wajen digiri 90. Shi kuwa mai, a yawancin motoci ba shi da wannan gata. Da safe ruwa yakan riga shi ɗumi da mintoci da yawa. In aiki ya tsananta, sai mai ya wuce ruwa zafi. Digiri 90 zuwa 110 daidai ne gare shi. In ya haura 130 sai ya tsinke, ƙarfe ya soma cin ƙarfe, daga nan inji ya buga.

Haɗarin shi ne, allurar da ke gaban direba zafin ruwa kaɗai take nunawa. Don haka ne ake sa wa motocin tsere allura ta biyu, da ƙaramin lagireto na mai. Motar Porsche 911 da René Metge ya ci tseren Paris-Dakar da ita a 1984, tseren da ya ratsa Nijar, ba ta da ruwa ko kaɗan: iska da mai ne suka sanyaya injinta.

Darasi ga direbobin ƙauye a fili yake. Kada a matsa wa inji da sassafe don an ga allura ta hau. In an daɗe ana fama da rairayi da ƙaramar giya, a tsaya a bar inji yana juyawa a hankali har ya huce. A duba mai kowace safiya, a sake shi kan lokaci. Kuɗin galan ɗin mai bai kai na sabon inji ba, kuma motar da ta mutu a daji da marar lafiya a ciki, asararta ta wuce ta kuɗi.