Gajeriyar Shari'a da Nauyin Kalmar "Na Yi"

Masana shari'a na Ingila sun daɗe da raba laifuffuka gida biyu. Akwai ƙanana, waɗanda majistare ya kan yanke wa hukunci nan take, akwai kuma manya, waɗanda sai an rubuta takardar tuhuma an kai gaban babban alƙali da masu taya shi su 12. Da ƙararraki suka yi yawa, sai a 1855 aka ba majistarori ikon jin ƙananan sace-sace ta gajeriyar hanya, in wanda a ke tuhuma ya yarda. Wannan ƙa'ida ta neman yardarsa ta shigo Nijeriya cikin dokar 1945, ta zauna a Kudu.

Arewa kuwa wata hanya dabam ta bi. A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira waɗansu masana, shugabansu shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Daga shawararsu aka sami Final Kod da Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka, waɗanda suka fara aiki a 1960. Ita ta biyun ba ta nemi yardar kowa ba. Jadawali ta kawo, inda aka jera kowane laifi tare da kotun da ke da ikon jinsa. Kisan kai ya fi ƙarfin majistare. Sata kuwa, ko da ya ke horonta a sashe na 287 na Final Kod ya kai ɗaurin shekara 5, ƙaramar kotu tana iya jinta.

To, ga yadda hanyar ta ke. Sashe na 156 ya ce a gaya wa mutum abin da a ke zarginsa da shi, a tambaye shi ko yana da dalilin da zai hana a hukunta shi. Sashe na 157 ya ce in ya amsa laifin, a rubuta amsarsa da kalmominsa gwargwadon iko, sa'an nan a iya hukunta shi ba tare da shaida ba. In ya musa, sai a kira shaidu. Watau dai tsakanin doguwar hanya da gajeriya babu kome sai maganar da ta fito daga bakinsa. A nan ne mai nazarin harshe ya ke da abin faɗi.

Bari mu yi misali da Dareta, ƙauyen ƙasar Anka wanda duniya ta san sunansa a 2010 saboda gubar dalma da ta kashe yara wajen niƙan dutsen zinariya. A ce an kama wani mahaƙi da buhun dutse, an kai shi kotu. Aka karanta masa ƙara, ya ce, "Na ɗauka." A dokance sata ba ɗauka kaɗai ba ce, sai an haɗa da mugun nufi da rashin iznin mai abu. Watakila nufinsa rabonsa ne da abokan rami suka hana shi. In tafinta ya mai da maganar "na sata", an rufe masa ƙofar kāre kai ke nan. Haka kuma "na ji", da "to", da "ranka ya daɗe". Baƙauye ya kan faɗe su don ladabi gaban manya, ba domin ya amsa kome ba. Ga shi kuwa littafin majistare da Turanci a ke rubuta shi, kalmomin mutumin ba sa shiga ciki sai ta bakin wani.

Tun daga lokacin nan dokoki sun sake. A Janairun 2000 Zamfara ta fara aiki da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci, a 2015 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa sabuwar dokar tsarin shari'ar laifuffuka, jihohi suka bi da nasu. Amma hukunci bisa amsa laifi yana nan. Shi ya sa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a bayyana wa mutum laifinsa dalla-dalla cikin harshen da ya ke ji, a ba shi tafinta kyauta. Malaman fiƙihun Malikiyya ma ba su ɗauki iƙirari da wasa ba, gama sun yarda mutum ya janye shi a laifin haddi.

Lalle gajeriyar hanya tana da amfani, don ta kan rage zaman jiran shari'a a kurkuku. Abin da ya kamata shi ne, duk wanda ya ce "na yi", alƙali ya sake tambayarsa, "Me ka yi?", a rubuta jawabinsa da Hausarsa kafin a juya shi.