Kunamar Gazawa da danginta na cikin Sahara

A ƙasar Gazawa, kunama iri biyu ce a bakin jama'a: ja da baƙa. Manomin da ya ɗaga damin gero ya ganta ta naɗe ƙari a ƙarƙashi, ko yaron da ya taka ta cikin tubalan da aka jibge a bayan ɗaki, launi kawai yake dubawa. Launi kuwa mayaudari ne. Kunamun da ke kashe mutum a Afirka kusan dukansu 'yan gida ɗaya ne, wanda masana ke kira Buthidae, masu siraran hannuwa da dafi mai taɓa jijiya da zuciya. A gidan nan ake samun Hottentotta ta ƙasashen ciyawa irin namu, da Androctonus mai kaurin wutsiya da ake jin tsoronta a Agadas, da Leiurus mai ruwan ɗorawa.

Labarin Leiurus ya isa hujja. Tun da aka bayyana ta a 1828, an fi shekara 170 ana ɗaukarta jinsi guda tilo, daga Sahara har Larabawa. Sai a 2002 aka fitar da wani jinsin daban a Jodan, a 2006 aka samu wani a arewacin Kamaru, daga nan kuma suka yi ta fitowa a Aljeriya da Cadi da Mali. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna irin wannan ɓoyayyen bambanci a cikin kunamar Buthus ta Maroko. Dalilin yana cikin tarihin hamadar kanta. Sahara ta sha yin kore ta bushe. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a duwatsun Dabus, arewa da Agadas, shaida ne. Kunama ba matafiya ba ce, inda yashi ko ruwa ya raba ta da 'yan'uwanta nan take zama, zuriya bayan zuriya, har jininta ya bambanta.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce, tunda wasu sababbin sunayen a kan kunama ɗaya ko biyu aka raɗa su. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa ma ake bukatar awon ƙwayoyin gado ya tace su. Amma maganin dafi daga jinin doki ake haɗa shi, bayan an yi wa dokin allurar dafin wasu jinsuna ƙididdigaggu, kamar na Masar ko Tunisiya, dafi kuma yakan sauya daga yanki zuwa yanki ko a jinsi guda. Wani ƙiyasi na 2008 ya ce kunama na harbin mutum miliyan 1.2 a duniya kowace shekara, sama da 3,000 na mutuwa, yara ƙanana ne kuma suka fi shiga haɗari. Likitan da aka kawo masa yaro yana gumi yana amai da tsakar dare a Gazawa yana bukatar sanin wace kunama ce ke zaune a rumbunan garin, da kuma ko allurar da ke hannunsa don dafinta aka yi.