Yadda Ake Tsara Garin Wasan Ƙanƙara A Kan Dutse

A darasin labarin ƙasa mun sha jin sunan duwatsun Alps na ƙasar Turai, inda dusar ƙanƙara take lulluɓe ƙasa da hunturu. Mutanen can suna da wani wasa da suke kira siki, watau mutum ya ɗaura wasu dogayen allunan katako ko roba a ƙafafunsa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta sululu daga kan dutse har gindinsa. Saboda wannan wasa akan gina gari sukutum, da masaukai da kantuna da kujerun igiya masu ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa. To, amma irin wannan gari ba a gina shi da ka. Sai an yi dogon bincike tukuna, an tabbata aikin zai yiwu, sa'an nan a zana babban tsarin da za a bi.

Abu na farko da masu bincike suke dubawa shi ne ita kanta ƙanƙarar. Akwai wata ƙa'ida da masana suke amfani da ita, cewa wuri bai zama abin dogara ba sai ƙanƙara mai zurfin santimita 30 ta kwanta kwana 100 a hunturu, kuma hakan ya faru a shekara bakwai cikin goma. Don haka suke neman wuri mai bisa, gama duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Suna kuma son gangaren da ya fuskanci arewa, domin a Turai rana ba ta cika dukansa ba, ƙanƙara takan daɗe ba ta narke ba.

Na biyu, sai a auna gangaren. In ya cika tsaye, gwanaye kaɗai za su iya shi, alhali kuwa yawancin masu kawo kuɗi 'yan koyo ne da matsakaita da masu iyali. Daga nan sai a yi lissafin mutum nawa dutsen zai ɗauka a yini ɗaya ba tare da cunkoso ba. Wannan adadi shi ne uwar tsarin. Da shi ake sanin yawan kujerun igiya, da gadajen kwana, da faɗin hanyar mota, da ruwan sha, har da magudanar ƙazanta. In gadaje suka fi ƙarfin dutsen, baƙi su wuni a layi. In kuwa igiyoyi suka fi baƙi yawa, jari ya kwanta.

Bari mu ɗauki misalin Courchevel, a lardin Savoie na ƙasar Faransa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masanin tsara gari mai suna Laurent Chappis da wani injiniya, Maurice Michaud, sun zauna fursunonin yaƙi a Ostiriya. Tun a can Chappis yake nazarin kwaruruwan wannan yanki. A 1946 majalisar lardin ta ɗauki nauyin gina sabon wurin wasa a wata makiyaya da ke bisa ƙauyen Saint-Bon, fiye da mita 1,700 daga gaɓar teku. Chappis ya zaga duwatsun da kansa a kan allunan siki, ya fara zaɓen hanyoyin gangara, sa'an nan ya sa gidaje a inda hanyoyin suka haɗu, yadda baƙo zai fito daga masauki ya kama wasa ba sai ya shiga mota ba. Watau dutse aka fara tambaya, gini ya biyo baya. Abin mamaki kuwa, an yi nufin wurin ya zama na kowa da kowa, amma a yau yana cikin wurare mafi tsada a duniya. Ashe tsari yana iya daidaita ƙasa, amma bai cika iya daidaita kasuwa ba.

Akwai kuma maganar rai. Wani lokaci tarin ƙanƙara yakan ɓalle daga sama, ya zaftaro da gudu ya binne duk abin da ya tarar. Ran 10 ga Fabrairu 1970, irin wannan zaftarewa ta afka wa wani masaukin matasa a Val d'Isère suna cikin karin kumallo, mutum 39 suka rasu. Bayan wannan masifa ce gwamnatin Faransa ta shiga zana taswirar wuraren da ƙanƙara ta saba zaftarewa, domin masu tsari su san inda ba a gini.

A zamanin nan wata sabuwar tambaya ta shigo cikin binciken: shin ƙanƙarar za ta ci gaba da zuwa nan da shekara talatin? Duniya tana ƙara ɗumi, wuraren da ba su da bisa sosai su ne suka fara jin jiki. Ana iya yin ƙanƙara da inji, amma sai an haƙa tafki an kuma kashe lantarki mai yawa, kuma injin ba ya aiki sai da sanyi. A 2023 hukumar garin da ke riƙe da La Sambuy, kusa da Annecy, ta rufe wurin saboda ƙarancin ƙanƙara da yawan hasara.

'Yan'uwana ɗalibai, da yawanmu ba mu taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma wataƙila a cikinmu akwai injiniyoyi da safiyo da masu tsara birane na gobe. Wanda duk aka ba shi aikin gina kasuwa ko madatsar ruwa, tambayoyin da zai yi su ne waɗannan: me ƙasar za ta iya ɗauka, ina haɗari yake, wa zai biya, kuma yaya abin zai kasance bayan shekaru? Hausawa dai sun ce, tun ran gini, ran zane.