Ko Kun Sani? Aron Manhaja Kamar Aron Gona Ne

Wayoyin Android da manoman Kafur ke jin farashin masara da su daga kasuwannin Funtuwa da Malumfashi suna aiki ne bisa Linux, wadda buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato wadda aka bar rubutunta na asali a fili domin kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Sai dai wannan izini bai kashe haƙƙin mallaka ba, domin wanda ya kwafi irin wannan manhaja ya fitar da nasa reshen tamkar wanda aka ba aron gona ne, yana iya nomawa ya girbe, amma ba shi da ikon matsar da iyaka. Lasisi, wato takardar sharuɗɗan amfani, mai haƙƙi ne kaɗai ke iya canza shi.

Lasisin MIT mai sassauci ne, yana barin a ɗora sababbin sharuɗɗa muddin ba a goge sunan mai haƙƙi da sanarwar izinin ba, amma lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya fitar a 1989, ya wajabta duk reshen da za a rarraba ya zauna bisa sharuɗɗan uwarsa. Linux ma tana ƙarƙashin GPL ne, kuma da yake dubban mutane ne suka rubuta ta, kowa da haƙƙinsa, ko Linus Torvalds da ya fara ta a 1991 ba zai iya raba ta da GPL shi kaɗai ba.

A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta sanya manhaja cikin ayyukan adabi, kuma kariyarta tana kaiwa shekara 70 bayan rasuwar marubucin manhajar.