Abin da ya sa ake samun kuza a Jos amma ba a Bodinga da Shagari ba

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, 'yan siyasa kan yi alƙawarin haƙo arzikin ƙarƙashin ƙasa, kamar kowace jiha tana da kowane ma'adini. Gaskiyar ita ce, irin dutsen da ke ƙarƙashin gari shi ke tantance abin da za a samu. Kuza misali ce.

Asalin kuza narkakken dutse ne da ya taso daga cikin ƙasa, ya tsaya kafin ya ɓullo, ya huce sannu a hankali har ya zama dutsen giranit. Yayin hucewar, sinadaran da suka fi saurin daskarewa su ke fara zama dutse, kuza kuwa sai ta taru a ragowar ruwan zafi mai ɗauke da sinadarin fulorin. Wannan ruwa ya ratsa tsagogin dutse, ya bar kuza a cikinsu. Daga baya ruwan sama ya zaizaye duwatsun, kuza kuma saboda nauyinta ta kwanta a gindin rafuka. Shi ya sa akasarin haƙar Jos wankin yashi ne.

Irin waɗannan duwatsu sun yi jeri daga tsaunukan Ayar a Nijar, ta Riruwai a Jihar Kano, zuwa Jos da Afu a Nasarawa. Na Jos sun kai kimanin shekaru miliyan 160.

Ƙasar Sakkwato daban take. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka shuɗe, teku ne ya mamaye yankin. Da ya janye, sai ya bar laka da yashi da ragowar halittun ruwa jibge bisa tsohon dutse. Saboda haka Bodinga da Shagari ba ƙasar kuza ba ce. Arzikin yankin shi ne dutsen siminti irin na Kalambaina, da fosfat na Dange da Shuni, maƙwabtan Bodinga, wanda ake sarrafawa ya zama takin zamani.

Amma darasin Jos ya shafi kowa. Kamfanonin Turawa sun kwashi kuza tun farkon ƙarni na 20, kuma daga 1942 zuwa 1944 an tilasta wa dubban talakawan Arewa aikin haƙa, abin da aka sani da "diban gwamna". Da farashin kuza ya faɗi a 1985, abin da ya rage wa mazauna shi ne kududdufai da gonakin da suka lalace.

Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa gwamnatin tarayya dukkan ma'adinai, yayin da dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin. Don haka idan ɗan takara ya zo da alƙawari, matasa su tambaye shi: wane ma'adini, lasisin wa, kuma wa zai cike ramin?